Watannin Mushtari daga saman soro: wane ne ɗan gida, wane ne ɗan kallo?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)



Shirin yau saƙon wani matashi ne ya jawo shi, daga unguwar Ƙofar Mazugal a nan cikin birni. Ya ce ya ari madubin hangen nesa mai ido biyu na kawunsa, wanda ake fita da shi duban jinjirin wata, ya hau saman soro bayan sallar isha, ya saita shi a kan Mushtari, ya ƙirga 'yan ɗige-ɗigen haske har shida a kewayensa. To a makaranta an gaya musu watanni huɗu ake gani. Shi ne yake tambaya, ko an samu ƙari ne malamai ba su ji ba?

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, ba a samu ƙari ba. Mushtari, wanda 'yan boko ke kira Jufita, yana da watanni fiye da 90, amma huɗu ne kacal ke da girman da madubin hannu zai nuna. Na biyar ɗin ma sai a 1892 aka gano shi, da wani ƙaton madubi da ke kan dutse a Kalifoniya ta Amurka. Saboda haka cikin shidan da ka ƙirga, aƙalla biyu taurari ne da ke can baya nesa, suka dace da layin idonka kawai. Hasken Mushtari da watanninsa yana iso mu cikin minti 35 zuwa 50 da ɗoriya, shi kuwa tauraron da ya fi kowane kusa da mu, ban da rana, haskensa sai ya yi tafiyar fiye da shekara 4. Amma a cikin madubi duk ɗigo ne fari. Kama da wane ba ta wane, kuma yadda za a rabe su shi ne zancenmu na yau.

Sai an fara tabbatar da cewa Mushtarin ake kallo. Abin da ya fi komai haske a sama da dare, bayan wata, shi ne Zahra, wadda iyayenmu ke ce wa Zara matar wata. Ita ba ta nisa da rana: ko dai ka gan ta a yamma bayan magariba, ko a gabas kafin ketowar alfijir, sa'ad da ake ce mata gamzaki. In ka ga wani mai haske sosai, fari tas, ba ya ƙyaftawa, ga shi can tsakiyar sama da tsakar dare, to Mushtari ne. A madubi ba ya fitowa ɗigo kamar sauran taurari, za ka ga ɗan faifai ne mitsitsi mai faɗi. Lokacin da ya fi kyawun kallo shi ne sa'ad da duniyarmu ta shiga tsakaninsa da rana, ya fito da magariba, ya faɗi da asuba. Hakan na faruwa duk bayan wata 13: Disamban 2024, Janairun 2026, Fabrairun 2027, sai Maris na 2028. Kun ga ke nan shekarun nan sun faɗo mana cikin hunturu da hazo. Ba abin damuwa ba ne sosai. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka Mushtari yakan hau kusan tsakar ka, inda ƙura ta fi ƙaranci. A ƙasa-ƙasa ne hazo ke cinye shi. A yi haƙuri ya ɗaga, in kuma an dace an ɗauke wuta a unguwa, to faɗuwa ta zo daidai da zama.

A jikin madubin za ku ga lamba, 7x50 ko 10x50. Ta farko tana nufin sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita. Duka biyun sun isa, mai 10 ya fi raba na kusa-kusa. Na roba irin na wasan yara kam, a bar wa yara. Babban abokin gaba a nan rawar hannu ce. Komai ƙarfin damtsenka, in ka riƙe madubi a tsaye, Mushtari zai yi ta zana maka layuka, watannin su narke a ciki. Kafa gwiwar hannu a kan katangar soron, ko ka jingina madubin da zanko. In ya yi sama sosai, shimfiɗa tabarma ka kwanta rigingine, ka sa matashi, ka ɗora bakin madubin a ƙashin girarka, ka riƙe numfashi na ɗan lokaci. Rufe idon dama ka murɗa ƙarfen tsakiya har wani tauraro ya zama ɗigo mai kaifi, sannan ka rufe na hagu ka gyara zoben da ke idon dama. Ƙurar hunturu kuma a hure ta tukuna, kada a goge da bakin riga, gilashin zai karce.

Ga wata magana da ba ta cikin littafin falaki. Gidajen cikin birni a manne suke da juna, tsakar gida kuma a buɗe take ta sama. Mutum a kan soro da dare da madubi a ido, maƙwabci ba zai fara tunanin Mushtari ba. A sanar da maƙwabta tun da rana, a kira maigidan da ke kusa ya zo ya sa idonsa, a kuma riƙa ɗaga madubin sama kawai. Masu sha'awar hawa Dutsen Dala don samun sarari, su tafi a ƙungiya, da sanin mai unguwa da 'yan sintiri. Rana kuwa ko da wasa kada a kalle ta da madubi, makanta ce nan take.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, mu koma ga ɗige-ɗigenmu. Abin da ya fi saurin tona asirin baƙon tauraro shi ne nisa. Sunayen watannin huɗu, daga na ciki zuwa na waje: Iyo, Yuropa, Ganimid, Kalisto. Iyo yana kilomita 422,000 daga Mushtari, Kalisto kuwa kilomita 1,883,000. Adadin da girma a kunne, amma daga nan inda muke, Kalisto a iyakar nisansa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin cikakken wata ba. Ganimid bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, Iyo da Yuropa kuwa kullum suna gindin Mushtari. Ranar sha huɗu ga wata, ɗauki madubinka ka dubi watanmu, ka ga ɗan wurin da ya ci a cikin da'irar da kake gani. Za ka iya jera irinsa 12 ko 14 daga wannan baki zuwa wancan. Ka riƙe wannan awon a ka. Duk iyalin Mushtari, daga wannan gefe zuwa wancan, ba su cika faɗin wata guda ba. Ɗigon da ka hango can rabin hanya zuwa bakin da'ira, komai kyawunsa, tauraro ne. Ina kyautata zaton biyu daga cikin shidan mai saƙonmu a nan za su faɗi.

Sai layi. Watannin huɗu suna zagaya Mushtari ne a kan shimfiɗa ɗaya, daidai ɗamararsa, mu kuma ta gefe muke kallon wannan shimfiɗa. Shi ya sa ba ma ganin suna zagaye, sai dai su je wannan gefe su dawo wancan, a kan layi ɗaya da ya ratsa tsakiyar Mushtari. Kalisto yakan ɗan kauce, amma kaucewarsa ba ta wuce faɗin Mushtarin kansa. Ɗigon da ya fita daga sahu sosai ba ɗan gidan ba ne.

A nan akwai abin da ke rikita mutanenmu musamman. Hotunan littattafai da na intanet kusan duka suna nuna watannin a kwance, dama da hagu. Mu a nan Kano, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, taurari kusan a miƙe suke hawowa daga gabas. Don haka in ka dubi Mushtari yana tasowa ta gabas, layin watanninsa a tsaye za ka gan shi, wasu a samansa, wasu a ƙasansa, da ɗan karkata. Sai ya kai tsakiyar sama layin zai bi gabas da yamma sosai. In ya gangara yamma da asuba, layin ya sake miƙewa, amma a juye: wanda ka bari a sama da isha, yanzu shi ne a ƙasa. Mutum sai ya rantse watan ya tsallake Mushtari cikin dare, alhali mai kallon ne ya juya daga fuskantar gabas zuwa fuskantar yamma. Maganin wannan mai sauƙi ne. Kafa madubin a kan katanga kada ka taɓa shi. Za ka ga Mushtari yana silalewa a hankali, yana cin faɗin wata guda duk minti biyu, saboda juyawar duniyarmu. Inda ya nufa nan ne yamma. In za ka zana abin da ka gani, sa kibiya ta nuna wannan wajen, kowane dare.

To idan tauraro ya zo kusa, ya kuma faɗa daidai kan layin fa? Yana faruwa. A dare ɗaya babu mai iya rantsuwa, sai an jira gobe.

Ku ɗauka kuna tsaye a bakin Ƙofar Mazugal, ƙofar da Tarihin Kano ya lissafa cikin na farko tun ganuwar Sarki Gijimasu, ga wani maigida ya fito da iyalinsa cikin cunkoso. A kallo ɗaya ba za ka san wane ne nasa ba, wane ne mai jiran a-daidaita-sahu. Ka bari ya yi taku ashirin. 'Ya'yansa, ko sun sha gabansa ko sun koma bayansa, suna tare da shi. 'Yan kallo kuwa suna nan inda ya bar su. Mushtari ma tafiya yake yi a tsakanin taurari, yana kammala zagayen rana cikin kusan shekara 12. A lokacin da ya fi kusa da mu, yakan gusa kusan rubu'in faɗin wata kowane dare. Tauraron da ke manne da shi yau, gobe ya ja baya, jibi ya ƙara, bayan kwana uku ko huɗu ya fita daga gidan gaba ɗaya, kuma gefe ɗaya yake bi ba ya waiwaye. Wata kuwa ya je ya dawo.

Wannan ruɗanin shi ne ya faɗa wa mutumin da ya fara ba duniya labarin watannin. Ran 7 ga Janairu 1610, shekara ta 1018 bayan Hijira, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Zaki, wani malamin lissafi a birnin Paduwa na Italiya, Galiliyo, ya saita madubin da ya haɗa da hannunsa, mai kusantowa kamar sau 20, a kan Mushtari. Ya ga ɗigo uku a jere, biyu a gabas, ɗaya a yamma. Ya ɗauka taurari ne na baya, sai dai jeruwarsu ta ba shi mamaki, ya zana su. Washegari duka ukun suna yamma. Tunaninsa na farko, Mushtari ne ya gusa gabas ya bar su, amma lissafin masana falaki ya nuna a wannan lokacin yamma ya kamata ya nufa. Ran 9 hadari ya rufe sama. Ran 10 ya ga biyu kacal, duka a gabas. A nan ya gane ba Mushtari ke masa wasa ba, ɗige-ɗigen ne ke yawo. Ran 13 ya ga na huɗun. A watan Maris littafinsa ya fito, ya girgiza malaman Turai, domin ga abubuwa ƙiri-ƙiri suna zagaya wani abu da ba duniyarmu ba. Sunayen da muke kiransu da su yau wani Bajamushe ne, Simon Mariyus, ya buga su a 1614.

Abin da ya raba masa gardama takarda ce da alƙalami, da komawa dare bayan dare. Madubinsa bai kai da yawa daga cikin na kasuwa a yau tsabtar gani ba.

Kuma shi ɗin ma bai tsira ba. A ƙarshen Disamban 1612 da ƙarshen Janairun 1613, yana cikin bin watannin, ya zana wani ɗigo kusa da Mushtari ya rubuta cewa tauraro ne. Har ya lura kamar tazararsa da wani tauraron ta canza, amma bai bi sawu ba. Ashe duniyar Neftun ce, wadda ba a gano ta ba sai 1846 a Balin. Sai a 1980 wasu masana biyu suka koma littafin ajiyarsa suka ga abin da ya wuce shi. Da farko ya ɗauki watanni a matsayin taurari, daga baya ya ɗauki duniya guda a matsayin tauraro.

Akwai tarko ɗaya a wannan gwajin na gobe da jibi. Duk bayan wata 13, sa'ad da duniyarmu ta zo wuce Mushtari a tsere, sai a ga kamar ya tsaya, ya koma da baya na kusan wata huɗu, ya sake tsayawa, sannan ya ci gaba. A kwanakin tsayuwar nan biyu, tauraro na iya lafewa kusa da shi har mako guda. A nan sai a juya gwajin: wanda ya ƙi motsi shi ne baƙo, domin watannin ba sa zama. Iyo yana gama zagayensa cikin awa 42 da rabi, Yuropa kwana 3 da rabi, Ganimid kwana 7 da 'yan awoyi, Kalisto kwana 16 da awa 16 da ɗoriya. Iyo kam tsakanin isha da asuba ma za ka ga ya sauya wuri, wani lokaci ya ɓace a hasken Mushtari ya ɓullo ta ɗaya gefen.

Shi ya sa ganin biyu ko uku ba laifin madubinka ba ne. Wani ya shiga bayan Mushtari, wani yana wucewa ta gabansa, wani ya faɗa inuwarsa, ko biyu sun haɗu sun zama ɗigo ɗaya. Ƙasa da huɗu sau da yawa ana gani. Fiye da huɗu ne ba ya yiwuwa.

Za ku ji ana cewa tauraro yana ƙyaftawa, wata ba ya yi. Ni dai ban ba wannan muhimmanci ba. Tsakanin Mushtari da tauraro, da ido tsirara, gaskiya ne. Amma watannin ƙanana ne ƙwarai a ido, ga zafin da rufin kwano da kwalta ke saki da dare yana kaɗa iska, ga bugun zuciyar mai riƙe da madubi. Komai rawa yake yi. Haske ya fi taimako kaɗan: huɗun kusan ƙarfinsu ɗaya, Ganimid ya ɗan fi, Kalisto ya ɗan gaza. Ɗigon da ya fi su haske nesa ba kusa ba, ko wanda da ƙyar ake ganinsa, a tuhume shi. Ganimid ɗin nan, kada ƙanƙantarsa a madubi ta ruɗe ku, faɗinsa kilomita 5,268, ya fi watanmu mai 3,474, ya ma fi duniyar Uɗaridu faɗi.

Wani lokaci kuma ɗigon ba ya sama ma sam, a cikin madubin yake. Gilashi mai araha yakan mayar da hasken Mushtari ya haifar da inuwarsa a gefe. Motsa madubin kaɗan: in ɗigon ya yi nasa wajen dabam, ko ya ɓace da ka rufe ido ɗaya, na gilashi ne. Madubin da ya taɓa faɗuwa kuma yakan nuna Mushtari biyu. Haka koren ɗigon nan da ke fitowa a hoton waya, ana ta yaɗa shi a WhatsApp wai an ga sabuwar duniya. Wanda ya ratsa da'irar cikin daƙiƙu kuwa tauraron ɗan'adam ne, ko jirgi mai shirin sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano.

Sauran duniyoyin ba su da dogon zance. Zahra da Uɗaridu ba su da wata ko ɗaya, duk abin da ka gani kusa da su baƙo ne. Mirrihu yana da biyu, an gano su a 1877, amma duwatsu ne ƙanana da madubin hannu ba zai taɓa nunawa ba. Zuhal ne ke da Taitan, wanda wani masani ɗan ƙasar Holan ya gano a 1655, mai zagaye cikin kusan kwana 16. Haskensa ya gaza na watannin Mushtari sau goma ko fiye, kuma taurari masu irin wannan rauni sun cika sama. A cikin birni da fitilunsa, da wuya. A ƙauye, lokacin kaka bayan ruwa ya wanke sama, da madubi mai 10 a kafe, ana iya dacewa, shi ma sai an bi shi darare kafin a ce shi ne.

Masu babbar waya na iya sauke manhajar Stellarium, tana nuna inda kowane wata yake a kowane lokaci, in an saita ta a kan Kano da agogo daidai. Shawarata, a duba sama tukuna, a zana, sannan a buɗe waya. Wanda ya fara da waya, idonsa zai ga abin da aka gaya masa ne ko babu shi.

Ga aikin gida. A sami littafin rubutu, a ja layi takwas. Kowane dare bayan isha, a lokaci ɗaya, a zana ɗan da'ira a tsakiyar layi, a sa ɗige-ɗigen yadda aka gan su, har da waɗanda ake tuhuma, da kwanan wata da kibiyar yamma. A fara daren Juma'a a gama daren Juma'a mai zuwa. Akwai dalilin zaɓen mako guda. Duk zagaye ɗaya na Ganimid, Yuropa ya yi biyu, Iyo ya yi huɗu, jan da suke yi wa juna ne ya ɗaure su a haka. Don haka a layi na takwas za ku tarar da waɗannan ukun sun dawo kusan inda suke a layi na farko, Kalisto shi kaɗai bai kai rabin zagayensa ba, galibi yana wancan gefen. Ɗigon da ya yi ta ja da baya layi bayan layi har ya fita daga takardar, a rubuta masa tauraro. Wanda ya cika layukansa ya ɗauki hoton shafin ya aiko mana, za mu duba su tare a shiri na gaba.

A nan za mu dakata.  

(Kiɗan rufe shiri)